Kafin Ka Cike Fom Ɗin NDA, Fara Da Awon Tsayi Da Gwajin Jini

Duk shekara, da zarar makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna ta fitar da sanarwar ɗaukar sababbin kadet, wato ɗaliban da ake horarwa su zama hafsoshi, abin da yara suke fara nema shi ne littafin tambayoyin shekarun baya. A yi ta haddace shi dare da rana. Ba laifi ba ne, amma an fara daga tsakiya. Rariyar da ake tace masu neman zama hafsa hawa-hawa ce, kuma jarrabawar rubutu hawa ɗaya ce kawai a ciki. Da yawan waɗanda ake sallamowa daga Kaduna sun ci jarrabawar, shi ya sa ma aka kira su. Abin da ya kayar da su shi ne harafi ɗaya da ya bambanta a suna, ko santimita biyu da tsayi bai cika ba, ko ƙwauri da ya kumbura saboda an fara gudu saura mako biyu. Dukkan waɗannan ana iya gano su tun saura shekara guda. Wasu a gyara, wasu kuma a san ba su gyaruwa, yaro ya kama wata hanya tun bai ɓata shekararsa ba.

Da farko a bambance ƙofofin, domin mutane na cakuɗa su. Wanda ya shiga ta Daffo ɗin soja da ke Zariya kurtu ne, zai fito a matsayin ƙaramin soja, ba hafsa ba. Hafsa kuwa hanyoyinsa uku ne sanannu. Akwai kwas na dindindin a NDA, na wanda ya gama sakandare: shekara biyar, huɗu ana haɗa karatun digiri da horon soja, ta biyar horon soja zalla, a fito da muƙamin laftanar na biyu idan sojan ƙasa ne. Akwai gajeren kwas na SSC ga masu digiri ko babbar difloma da ke son zama hafsoshin fagen daga, horonsa kamar wata 9. Sai DSSC na ƙwararru, irin su likitoci, injiniyoyi, lauyoyi, ma'aikatan jinya, malaman makaranta da limamai, wanda horonsa ya fi gajarta, kamar wata 6, kuma aikin da mutum ya karanta shi zai je ya yi cikin kaki. Waɗannan biyun na baya suna buƙatar takardar gama hidimar ƙasa ko ta yafewa. Mafi yawan abin da ke ƙasa a kan kwas na dindindin ne, amma zancen jiki da takardu kusan ɗaya ne a ƙofofin uku.

Abin da ba ya gyaruwa

Shekaru: a sanarwoyin shekarun baya daga 17 zuwa 21 ne a shekarar shiga, kuma sanarwar kan faɗi watan da ake lissafi da shi. Tsayi: mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace a sanarwoyin baya-bayan nan. Ba aure, ba ɗa. Kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, cikin zama ɗaya ko biyu, dole da Turanci da Lissafi a ciki. Ba a karɓar mai jiran sakamako. Waɗannan kowa ya san su, amma kowa na ganin za a ɗaga masa ƙafa. Ba a ɗagawa.

Ana auna tsayi ne ba takalmi a ƙafa, duga-dugai a haɗe, a jingine da ma'auni, kai a miƙe. Kada ka yarda da awon tela ko alamar gawayi a bango. Je asibiti ko wani kemis mai ma'aunin tsayi na gaske, ka auna da yamma, domin mutum ya fi tsayi da safe da kusan santimita guda, kafin nauyin jiki ya danne ƙashin baya. Idan da yamma ka kai 1.68, ka wuce wannan. Idan da safe ma 1.66 kake kuma ka kai shekara 20, babu maganin da zai ƙara maka. Masu tallar maganin tsayi a Facebook kuɗinka kawai za su ci.

Daga nan sai gwajin jini. A duba rukunin jini da jinotayif, a duba ciwon hanta nau'in B da C, a duba HIV. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kuma mutum na iya ɗauke da shi tun yana jariri bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Yaro ya yi shekara yana shiri, a sanar da shi wannan a gaban likitan soja, ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Idan an gwada babu, a yi rigakafin, allura uku ce cikin wata 6. Mai sikila kuwa tun farko ba wurinsa ba ne, kuma wannan don kare ransa ne: gudu mai tsanani da ƙishirwa su ne ke tayar da ciwon.

Ido ma a je wurin likitan ido na gaske. Gwaji biyu ne. Na farko allon haruffa, inda ake son ka karanta layin da ake kira 6/6 daga nisan mita 6 ba gilashi. Na biyu wani littafi ne mai ɗige-ɗige masu launi da lambobi a ɓoye a ciki. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai ga lambar ba, kuma galibi bai taɓa sanin yana da matsalar ba, tunda haka ya buɗe ido ya ga duniya. Gado ne, maza ya fi kamawa, ba shi da magani. Mai burin tuƙin jirgin yaƙi ya sani cewa a nan an fi tsananta masa.

Sai ƙafa. Tsaya ka haɗa ƙafafu. Idan gwiwoyi sun haɗe amma idon sawu ya ƙi haɗuwa, gwame ne. Idan idon sawu ya haɗe amma tsakanin gwiwoyi akwai fili, ƙafar ta yi baka. Don duba tafin ƙafa, jiƙa shi da ruwa ka taka busasshen siminti: ya kamata gefen ciki na sawun ya yi loko. Idan sawun ya fito a cike kamar an aza faifai, tafin a shimfiɗe yake, kuma ana mayar da mutane saboda shi, domin irin wannan ƙafa takan sha wahala a doguwar tafiya da kaya. Tsohuwar karaya da ba ta ɗoru daidai ba, in'ina mai tsanani, matsalar ji, asma, farfaɗiya da zanen tatu duk suna cikin abubuwan da ake dubawa. Ƙaba da basir kuwa ana yin maganinsu, amma su ma ba abin da za a bari sai saura wata guda ba ne. A ga likita da wuri, ya faɗi gaskiyar yadda abin yake.

Hawan jini yana ba da mamaki. Saurayi ɗan shekara 19, lafiyarsa ƙalau, a ɗaura masa ma'auni ya haura 140/90 saboda bai yi barci ba, ya sha lemon ƙara kuzari gwangwani biyu, ga fargaba. Ka saba da awon tun a gida, sau uku ko huɗu a ranaku dabam-dabam, bayan ka zauna minti biyar. Idan kullum a sama yake, magana ce ta likita. Kuma ana gwajin ƙwaya ta fitsari. Wiwi na iya nunawa makonni bayan an daina, musamman ga wanda ya daɗe yana sha. Wanda ke taɓa tiramol ko kodin ya san inda matsalarsa take tun kafin ya je.

Takardu

Nan ne 'yan Arewa suka fi zubewa ba gaira ba dalili, kuma laifin sau da yawa ba na yaron ba ne. A firamare an rubuta masa Muhammadu Sani. A sakandare ya koma Sani Mohammed. Wurin yin NIN aka sa Muhammad Sani Abdullahi. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Hafsan da ke zaune da jan biro a teburin tantancewa mutum uku yake gani, kuma ba shi da lokacin sauraron tarihin yadda hedimasta ya yi rubutu.

Ka baza takardun nan a kan tabarma, ka bi su harafi-harafi: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko rantsuwar shekaru ta kotu, takardar gama firamare, shaidar gama sakandare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar NIN, takardar JAMB, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Suna ɗaya, jerin sunan iri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. JAMB daga NIN take ɗauko bayananka, saboda haka duk kuskuren da ke NIN zai bi ka har Kaduna. Gyaran NIN kuwa yana cin lokaci, musamman na ranar haihuwa. A fara shi tun kafin a buɗe rajistar JAMB. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar rage shekaru: ana yi, kuma ana kamawa. Wanda takardarsa ta ce ya gama firamare yana ɗan shekara 7 ya tona kansa da kansa. Ko ya tsallake a yau, ana ci gaba da bincikar takardu bayan an shiga, kuma kora a shekara ta uku ta fi ciwo a kan rashin shiga.

Takardar asali tana da nauyin da mutane ba su lura da shi ba. Guraben NDA rabon jihohi ake yi musu, bisa tsarin daidaito na tarayya. Ma'ana, ɗan Jigawa ba da ɗan Anambra yake takara ba, da 'yan Jigawa yake yi. Wannan ne ke sa wasu su je su samo takardar wata jiha da suke ganin ba cunkoso. Sai a zo gaban kwamiti a tambaye shi sunan hakiminsu, ko garuruwan da ke maƙwabtaka da ƙauyen da ya ce nasu ne, ko ranar da kasuwar garin ke ci, ya tsaya yana kallon silin. Yi amfani da jiharka ta gaskiya, kuma ka san ta.

Ajiye ainihin takardun cikin fayil na roba, da kwafi aƙalla biyar na kowacce, da hotunan fasfo masu yawa. Ka tanadi katin duba sakamakon WAEC ko NECO wanda ba a yi amfani da shi ba, domin akan nemi a buɗe sakamakon a intanet a gabanka. Takardun shaidar hali da na amincewar iyaye da ake saukewa daga shafin makarantar, a kai wa waɗanda sanarwar ta ce su sa hannu, ba wanda ya fi kusa ba.

JAMB da jarrabawar tantancewa

Mai neman kwas na dindindin rajista biyu yake yi: ta JAMB, inda dole ya sa NDA a zaɓin farko, da ta shafin NDA kanta, inda ake biyan kuɗi ta Remita. Yin ɗaya a bar ɗaya daidai yake da ba a yi komai ba. Haɗin darussa ma a kula: wanda ke son injiniyanci ya ɗauki Lissafi, Fizis da Kemistiri tare da Turanci. A shekarun baya makin shiga 180 ne ga yawancin fannoni, 210 ga injiniyanci, amma wannan ƙofar gida ce kawai, ba ɗakin ba. Ka sa ran 250 a ranka ka yi aiki a kai.

JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke ga kowace tambaya. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ɓata minti goma yana kokawa da linzami, alhali ana iya yin komai da maɓallai: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya. Je cibiyar kwamfuta ka yi gwaji da agogo sau goma kafin ranar.

Jarrabawar NDA kanta tana taɓa Turanci, Lissafi, sanin al'amuran yau da kullum, da darussan fannin da ka zaɓa. Matakin sakandare ne, ba abin da ya fi ƙarfin mai kiredit na gaskiya. Na ce na gaskiya, domin wanda aka rubuta wa amsa a allo ranar WAEC a nan asirinsa ke tonuwa. Lokaci ne ke kayar da mutane, ba wuyar tambaya ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce zagaye biyu: bi tambayoyin duka ka amsa waɗanda ka sani nan take, ka tsallake duk wadda ta riƙe ka fiye da rabin minti, sannan ka dawo. Littafin tambayoyin baya yana da amfani idan ka yi shi kamar jarrabawa, da agogo, ba leƙen amsa, sannan ka buɗe wani littafin rubutu na kurakurai kawai, inda za ka rubuta kowace tambaya da ka faɗi da dalilin faɗuwar. Bayan wata biyu za ka ga kurakuranka iri huɗu ne ko biyar suke ta maimaituwa. Kuma ka yi hattara, amsoshin da ke bayan waɗannan littattafai na kasuwa suna da kuskure. Idan ka yi shakka, koma littafin makaranta.

Sanin al'amuran yau da kullum ba a haddace shi a mako guda. Saurari labarai kullum, rabi da Hausa don ka fahimta, rabi da Turanci don ka san kalmomin. Akwai kuma ginshiƙan da ba sa sauyawa. Jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. An ƙirƙiri jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Sojan ƙasa na danganta asalinsa da 1863, lokacin da wani hafsan ruwa na Ingila, Laftanar Glover, ya tara wata 'yar runduna a Legas da aka riƙa kira Hausawan Glover. Sojan ruwa 1956, sojan sama 1964, NDA ma a watan Fabrairu na 1964 aka kafa ta, kuma hafsoshin Indiya ne suka fara tafiyar da ita. Ta fara karatun digiri a 1985, ta ɗauki mata a kwas na dindindin karon farko a 2011. Ka san mazaunin rundunonin sojan ƙasa: ta 1 Kaduna, ta 2 Ibadan, ta 3 Jos, ta 6 Fatakwal, ta 7 Maiduguri, ta 8 Sakkwato, ta 81 Legas, ta 82 Inugu. Ka san rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta shiga Laberiya a 1990, rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi hedikwatarta na Njamena, kuma a 2021 aka sauya wa farmakin Lafiya Dole na yaƙi da Boko Haram suna zuwa Haɗin Kai. Ka jero muƙamai daga laftanar na biyu, laftanar, kyaftin, manjo, laftanar kanar, kanar, birgediya janar, manjo janar, laftanar janar, har janar, ka san takwarorinsu a ruwa da sama. Sunayen manyan hafsoshi da ministan tsaro kuwa suna sauyawa, a duba su a makon tafiya. An koma tsohon taken ƙasa a watan Mayu na 2024. Ka iya shi baiti uku, kada ka je kana rera wanda aka ajiye.

Jiki

Gudun kilomita 3.2 shi ne awon da sojan Najeriya ya saba yi wa masu nema. Zagaye takwas ke nan a filin tsere mai mita 400, ko zagaye tara da ɗan ɗori a gefen cikakken filin ƙwallo. Shawarata ka kai inda za ka yi shi ƙasa da minti 15 ba tare da ka faɗi a ƙarshe ba. Ba a samun wannan a wata guda. A ba shi wata huɗu.

Watan farko gini ne kawai: sau uku a mako, minti 20 zuwa 25, sassarfa wadda za ka iya magana kana yi. Idan numfashi ya ƙare, yi tafiya minti ɗaya ka ci gaba. Wata na biyu ka kai kilomita 5 a guje ba tsayawa, kana ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma a kowane mako, ba fiye ba. A wata na uku sai a shigo da sauri: rana ɗaya a mako ka yi mita 400 da ƙarfi, ka huta minti ɗaya da rabi, ka maimaita sau shida, a hankali ka kai sau takwas. Rana ɗaya doguwar sassarfa, kilomita 7 ko 8. Rana ɗaya kuma ka gwada 3.2 da agogo ka rubuta. Wata na huɗu riƙe abin da aka samu ne, kuma a makon ƙarshe a rage aiki da rabi don jiki ya je da ƙarfinsa.

Abin da ke lalata wannan tsari shi ne zumuɗi. Yaro ya ga sunansa ya fito, ya tashi da asuba ya yi kilomita 10 a kan kwalta da silifas ko takalmin ƙwallo, kullum ba hutu. Kwana goma sai gefen ƙwauri na ciki ya fara zugi, domin huhu da tsoka suna saurin sabawa, ƙashi da jijiya kuwa a hankali suke ƙarfi. Idan aka ci gaba a haka ƙashin na iya tsagewa, kuma wannan hutun makonni ne. Alamar da za ka tsaya ita ce ciwo a wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa, wanda ke ƙaruwa idan ka yi tsalle da ƙafa ɗaya. Gudu a kan ƙasa ko ciyawa ya fi kwalta. Kambas ɗin da za ka je da shi kuwa ka saye shi tun saura wata biyu ka riƙa gudu da shi. Sabon takalmi ranar gwaji bororo zai yi maka a dunduniya tun a zagaye na uku.

Fires-of, wato kifewa a kan hannaye ana sauka ana ɗagowa, da sit-of, wato kwanciya rigingine ana tasowa zaune, a riƙa yin su kwana uku a mako, kashi huɗu ko biyar, a tsaya kafin hannu ya mutu gaba ɗaya. Masu ƙirga ba sa ƙirga wanda ba a yi daidai ba: jiki a miƙe kamar katako, ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, gwiwar hannu ta miƙe a sama. Ashirin masu kyau sun fi hamsin na gyaɗa kai. Ka nemi reshe ko ƙarfen raga ka riƙa ɗaga kanka har haɓa ta wuce, domin hawan igiya da tsallake katanga ƙarfin hannu da kafaɗa suke so.

Zafi abin tsoro ne, musamman daga Maris zuwa Mayu. A yi gudu bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Launin fitsari shi ne ma'auninka: idan ya yi ja kamar shayi, ruwa bai ishe ka ba. Bayan gumi mai yawa, lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri sun fi duk wani lemon gwangwani. Idan shirin ya faɗo cikin azumi, a mayar da gudun bayan tarawihi, a rage shi, kada a daina gaba ɗaya. Abinci ba sai na masu kuɗi ba: wake, ƙwai, gyaɗa, nono, ƙuli-ƙuli, tuwo da miyar ganye. Wanda ya samu wurin koyon iyo mai tsaro da malami ya koya, zai gode wa kansa daga baya, musamman mai son sojan ruwa. Ban ce kududdufi ko dam ba.

Gaban kwamitin zaɓe

Waɗanda suka tsallake jarrabawa ana kiransu Kaduna rukuni-rukuni bisa jihohi, su kwana a can kwanaki, gaban kwamitin da ake kira AFSB. Sanarwar kan zo da jerin kaya: fararen riguna, gajeren wando shuɗi, farin kambas da safa, zanin gado, bokiti da makamantansu. Bi jerin kamar yadda yake. Je da aski, kuma ka isa ranar da aka ce wa jiharka, ba washegari ba. A nan ake duba takardu, lafiya, ƙarfin jiki, gwajin kaifin tunani, da ganawa ta baki, kuma kusan a kowane mataki ana karanto sunayen waɗanda za su ɗauki jakarsu.

Abin da da yawa ba su gane ba shi ne ana kallonka ko ba a cikin gwaji ba: a layin abinci, wurin shara, lokacin da aka bar ku a rana ba bayani. Idan aka haɗa ku aiki a rukuni, mai ihu ya danne kowa bai burge ba, wanda ya laɓe a baya ma haka. Wanda ake so shi ne ya fahimci aikin, ya kawo shawara a taƙaice, ya saurari ta wani, ya kama aiki da hannunsa.

Tarbiyyarmu tana da wani abu da ke cutar da yaranmu a ganawar baki. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya da sassauta murya. A gida ladabi ne. A gaban kanar, rashin ƙarfin gwiwa yake gani. Tsaya a miƙe, dubi mai tambaya, ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji, kada ka zauna sai an ce. Da Turanci ake yi, kuma ba lafazin Ingila ake nema ba, a fahimce ka kawai. Hanyar gyara ita ce magana, ba karatu a zuci ba: kullum ɗauki batu guda, ka yi minti uku kana bayani da ƙarfi, ka naɗa a waya ka saurara. Nemi wani malami ko tsohon soja a unguwa ya riƙa titsiye ka da tambayoyi. Me ya sa kake son aikin soja, me ya sa sojan ƙasa ba na sama ba, me babanka ke yi, wane ne gwamnanku. Idan ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ranka ya daɗe, ka yi shiru. Ƙirƙirar amsa ta fi rashin sani muni a wurinsu. Mai Larabci ko Faransanci ya faɗa, domin ana ɗaukarsu a matsayin ƙarin daraja, kuma yaranmu na islamiyya da na bakin iyaka da yawa suna da su ba su san suna da amfani ba.

Iyaye kuma, duk wanda ya kira ya ce yana da gurbi a hannu, a tura kuɗi asusun wani mutum, ɗan damfara ne. Sunaye a shafin makarantar suke fitowa, mai ƙarewa da nda.edu.ng, da na ainihi da na jiran ko-ta-kwana. Na jiran ma kada ya kashe wayarsa ko ya daina gudu, domin akan kira su idan wasu ba su zo ba ko sun gudu.

Kuma ana gudu. Makonnin farko a Afaka, mazaunin NDA a Kaduna, an tsara su ne don a raba mutum da rayuwar farar hula: a aske kai ƙwal, ba waya, ba tafiyar ƙasaita, ko'ina a guje, barci kaɗan, fareti har ƙafa ta san hagu da dama da kanta. Za a raba ku bataliyoyi huɗu, Mogadishu, Burma, Dalet da Abyssinia, kuma na gaba da kai ko da shekara ɗaya ne, umarninsa umarni ne. Ƙananan abubuwa ne ke sauƙaƙa wannan lokaci: iya wanki da guga da sauri, iya ɗinke maɓalli, goge takalmi har ya yi ƙyalli, yin wanka da shiri cikin minti biyar, yanke farce a miƙe don kada ya shige nama cikin but, busar da tsakanin yatsun ƙafa, da kai ƙaramin rauni asibiti tun bai ruɓe ba. Yaron da uwa ke wanke wa kaya har ya gama sakandare, a sakar masa bokiti tun yanzu.

Karatu ma yana kora kamar yadda fareti ke kora. Kadet yakan shiga aji a gajiye, idanu na rufewa, amma jarrabawar digiri ba ta san da wannan ba. Wanda makinsa ya faɗi ana iya mayar da shi baya shekara guda ko a sallame shi. Saboda haka wurin cike fom kada a zaɓi injiniyanci don sunan ya yi daɗi a bakin dangi. A zaɓi fannin da yaro zai iya ci ko da barcin awa huɗu ya yi.